Wa ya gina tulun nan? Aikin da na yi a wani ɗan gidan adana ayyukan hannu a Jos

Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a Jos, kuma ban taɓa kawo wa raina aikin gidan tarihi ba sai da aka jefa ni cikin wani kwamiti. Wani attajiri a unguwarmu, bari in kira shi Alhaji kawai, yana da tsohon gida irin na zamanin kuza, mai rufin kwano da murhun jin ɗumi a falo. 'Ya'yansa duk sun watse, wasu Abuja wasu Kaduna, gida ya koma na ƙadangaru. Sai ya ce a mai da shi wurin ajiye ayyukan masu fasahar yankin nan: magina tukwane, dukawa, masassaƙa, masu ɗinkin hannu, da matasan da ke zane da fenti. Ni aka ba sakatare, wai don rubutuna yana karantuwa. Ragamar aikin yau da kullum kuwa aka damƙa wa wata dattijuwa da ta yi ritaya bayan ta daɗe tana aikin adana kayan tarihi. Kowa Mama yake ce mata, har shi Alhajin.

Jos ba baƙuwar wannan harka ba ce. Tun 1952 aka buɗe babban gidan tarihin garin a ƙarƙashin Bernard Fagg, Baturen da ya lura cewa kawunan yumɓun da masu haƙar kuza ke tonowa a wajen Nok da Jama'a aikin al'umma ɗaya ne. An fara cin karo da irinsu tun 1928, har akwai wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya yana korar tsuntsaye kafin ya iso hannun Fagg. A harabar nan ne kuma ake da zauren tukwane da wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ta yi ɗawainiyar tarawa, ga sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya. Shi ya sa a zamanmu na farko wani ɗan kwamiti ya yi tambayar da ke bakin kowa: tunda ga babba a gari, mene ne amfanin ƙaramin?

Mama ba ta amsa nan take ba. Ta sa muka je can tare ranar wata Asabar, muka tsaya gaban wani kan Nok, mai idon nan mai kusurwa uku da huda a tsakiya. Ta ce, "Wanda ya gina wannan ya fi shekara 2,000 a ƙasa, babu mai iya faɗa muku sunansa, kuma ba laifin kowa ba ne. Amma matar da ke gina tulu yau a bayan Bukuru tana da rai, tana da suna, tana da wadda ta koya mata. Idan ba mu rubuta ba, nan da shekara hamsin ita ma 'wata mata' za a ce." Aikin babban gidan daban, in ji ta, na ƙasa ne baki ɗaya, kuma na da can ne. Namu na masu rai ne da waɗanda jikokinsu ke iya nuna mana ƙofar ɗakinsu.

Ta kan kawo misalin Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, kuma duk mai riƙe da takardar naira 20 yana ɗauke da hotonta. Ita ma a ƙauye ta koya, a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kamar dubban matan Gwari. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana ajiye tukwanenta, a fadarsa wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta zama mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Gwaninta ba ta sayuwa, wannan haka yake. Amma da ba a samu masu kiran tukunyar da sunan mai ita ba, da yanzu randunanta suna wani kanta an rubuta musu "tukunyar Gwari" kurum. Haka Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina masallacin Zariya a ƙarni na 19: sarauta ce ta riƙe sunansa, magina nawa ne irinsa suka wuce ba a ji su ba?

Saboda haka abu na farko da aka saya da kuɗin Alhaji ba gilashi ba ne, ba fitilu ba ne, babban littafin rajista ne mai bango mai kauri. Alhaji bai ji daɗi ba, shi so yake ya ga an yi fenti an kafa allo. Mama ta kafa doka: babu abin da zai tsallake ƙofar gidan sai an ba shi lamba, shekara a gaba, sai lambar rukunin da ya zo a ciki, sai tasa. A rubuta sunan mai aikin da na wanda ya koya masa, garinsa, da me aka yi abin, me ake yi da shi, wa ya kawo, kyauta ce ko aro ko saye. Lambar a ɗan kati ake rubuta ta a ɗaura da zaren auduga. Ranar da wani yaro mai taya mu ya ɗauko alƙalamin maka zai rubuta a gindin ƙwarya, yadda Mama ta daka masa tsawa sai da maƙwabta suka leƙo.

Cike wannan littafi shi ne aikina, kuma ba a zaune a ofis ake cike shi ba. Na fi tuna wata tsohuwa da muka je wa a wani ƙauye kudu da Jos. Mun same ta tana gini a inuwar rumbu. Ba ta da injin juyi. Ta daka tsingaro ya yi gari ta cuɗa da yumɓu don kada tukunya ta fashe a wuta, sannan ta riƙa murza yumɓun dogo-dogo tana ɗorawa, tana zagaya tukunyar da baya-da-baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Da wuyan ya tashi sai ta ɗauko totuwar masara ta gangara ta a kafaɗar tulun, zane ya fito reras. Ta nuna mana wani ɗan dutse mai santsi da take goge jiki da shi idan ya sha iska, ta ce na uwarta ne. Idan an gasa kuma, tun tukunya na da zafi ake yayyafa mata ruwan ɓawon ɗorawa, shi ke ba ta wannan duhun mai sheƙi.

Na buɗe littafi na ce, "Kaka, sunanki za mu rubuta a jikin tulun nan."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, haraji ne?"

Mama ta yi dariya ta ce, "Yaya, ba haraji ba ne. So muke yaran makaranta su zo su gani, su san ke kika yi."

"To in haka ne ku fara da uwata, ita ce mai hannu. Ni kwaikwayo nake."

Muka zauna har la'asar, ta lissafo mana mata huɗu a jere, daga ita har kakar uwarta, da inda kowacce take ɗebo yumɓu. Ramin ɗaya ma yanzu an gina gidaje a kai. Ba tambayata ce ta fito da wannan ba. Mama ce ta tuɓe takalmi ta zauna a turmi, ta ci gwaten da aka kawo, ta tambayi lafiyar jikoki ɗaya bayan ɗaya kafin a zo kan tukunya. Tun daga ranar na daina buɗe littafi kafin a gama gaisuwa.

Rigima mafi zafi da muka yi ba ta kuɗi ba ce. A kan wane ne "ɗan yanki" aka yi ta. Wanda ya san Jos ya san nauyin wannan magana, mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010. Wasu a kwamiti suka ce gida ne na Birom da Afizere da Anaguta da sauran ƙabilun Filato. Wasu suka ce to ina za a kai dukawan Naraguta, da masu ɗinkin aska takwas a Gangare da aka haifi kakanninsu a nan? Wani ya ƙara da yaron nan Bayarabe da ke zana duwatsun Shere, wanda bai san ko'ina ba sai Nasarawa Gwong. Murya ta fara tashi. Mama ta bari kowa ya fesar, sannan ta ce ita ba takardar shaidar ƙaramar hukuma take tarawa ba. Ma'auninta guda ne: a ƙasar nan aka yi aikin, kuma mai shi a nan yake zaune ko ya zauna. Ta ƙi yarda a ware ɗaki ga kowace ƙabila. Ta jera kayan bisa ga abin da aka yi su da shi, yumɓu wuri ɗaya, fata wuri ɗaya, zare, itace, fenti. Sai ga tulun tsohuwar nan kusa da kaskon turaren wata Bahaushiya daga Dilimi. Mutum biyu sun daina zuwa taro a kan wannan. Ni dai har yau ina ganin ta yi daidai, ko da yake na san akwai masu ganin an tauye su, kuma ba zan ce maganarsu ba ta da tushe ba.

Sai kuma abokan gaba da ba su zuwa taro. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, damina na da ƙarfi, a watan Yuli da Agusta bango har gumi yake yi. Fata ta kan yi fumfuna, hunturu ya zo ta bushe ta tsage. Gara na bin itace ta ƙasa, ƙwaro na huda ƙwarya, rana na cinye shuɗin baba idan aka rataye riga kusa da taga. Mun koyi ɗaga komai daga ƙasa, mu janye kanta daga jikin bango, mu zaunar da tukwane masu zagayayyen gindi a kan gammo, mu ɗauke su da hannu biyu ta ƙasa, ba ta wuya ba. Sabon kayan da ya shigo a wani ɗaki yake fara kwana, a ga ko zai zubar da gari. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, Mama kan riga kowa zuwa, ta bi ɗakuna da tocila tana duba silin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuɗin da aka ware don bikin buɗewa, rabinsu a kwano da ƙusa suka tafi, aka yi bikin da zoɓo da cincin.

Wata rana wani mutum ya shigo da abu a cikin buhu, ya ce shugaba yake nema. Ya kwance, sai ga ɗan kan yumɓu da ƙasa a jikinsa, ya ce na Nok ne, zai sayar da araha. Alhaji yana nan, idonsa ya yi haske. Mama ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ce dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin wannan sai ga wanda aka ba izini, kuma in na gaske ne, an riga an yi ɓarna tun da aka tono shi ba a rubuta inda yake kwance ba. In jabu ne kuma, to an zo a yi mana wayo. Ta kwatanta masa ofishin hukumar. Ya ɗaure buhunsa ya fita, ba mu sake ganinsa ba.

Da Alhajin kansa ma sai da aka kai ruwa rana. Ya kawo wani babban baƙo, baƙon ya yaba wata jakar fata, Alhaji ya juyo ya ce, "Malam, a naɗe masa." A al'adarmu wannan karamci ne, ni kaina har na miƙa hannu. Mama ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan aro ce. Ga sa hannun mai ita a takarda, mun yi alkawarin mayar masa yadda ya ba mu." Wuri ya yi tsit. Ta aika aka kira badukun da ya ba da aron jakar, baƙon ya yi odar irinta guda biyu ya biya a take. Alhaji ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta sosai, daga baya shi da kansa ya ce a rubuta cikin ƙa'idar gidan cewa ko shi ba shi da ikon fitar da abin da ke rajista. Daga nan ne muka buɗe ɗan shago a baranda, dabam da kayan ajiya. Mai aiki shi ke yanka farashi, gida ya cire ɗan kaso na wuta da maigadi, saura a ba shi ƙarshen wata da rasit. Wannan rasit ɗin ya jawo mana masu fasaha fiye da duk sanarwar da muka yi a rediyo.

Na zaci shugaban irin wannan wuri shi ne wanda ya fi kowa sanin tarihin fasaha. Mama ta sani, ta kan ba ɗalibaina labarin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a zana abin gida. Sai dai abin da ya riƙe gidan shi ne iya cewa a'a ga mai kuɗin da ya ba da gini, da iya zama a turmi gaban tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Ba kasafai ake samun duka biyun a mutum ɗaya ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne ƙafar Mama ta fara ciwo, ba ta iya hawa acaɓa zuwa ƙauye. Na kawo maganar magaji a taro, aka ce in bari tukuna, kada ta ji kamar ana korar ta. Ita ce ma ta sake ta da zancen. Ta zaɓi wata yarinya da ta karanta fasaha a jami'a da wani matashin baduku, ta ce su riƙa bin ta, makullin ɗakin ajiya a hannun yarinyar, shago a hannun badukun. Ta sa na ɗauki hoton kowane shafi na rajista da waya, muka buga kwafi biyu, ɗaya a gidana ɗaya a wajen wani ɗan kwamiti a can ɗaya gefen gari. Kwamiti bai amince da ko ɗaya daga cikinsu a rubuce ba tukuna, Alhaji yana da wani ɗan ƙanensa a rai. An ɗage maganar zuwa bayan damina.