Abin da shagon turi a Agege ya koya mini

Shekara huɗu na yi ina zaman shagon caji da turi a Agege. Mutum ya kawo waya ko memori, mu zuba masa karatu, wa'azi, waƙa ko fim. Yawancin masu zuwa yaran manyan motoci ne da suka sauke tumatir da albasa a Mile 12, ko shanu a Oko-Oba, za su juya Arewa. Tafiya ce ta kwana biyu, wani wurin sabis ya ɗauke ɗif. Sai kuma masu gadi da ke kwana a bakin ƙofofin Ikeja, waɗanda albashinsu ba zai ɗauki sayen data kullum ba. Har gobe ba na ganin laifin wanda ke son ya ajiye bidiyo ya kalla ba tare da intanet ba. Buƙata ce ta gaske, kuma da ita na ci abinci.

Kuskurena a wani wuri yake. Akwai wani tela da ke koyar da yankan kaftani da babbar riga a TikTok da YouTube, bidiyonsa suna da farin jini wurin yara masu koyon ɗinki. Idan ka sauke bidiyo daga TikTok, yana zuwa da sunan mai shi yana yawo a jikin hoton. Ni kuma sai na riƙa bi ta wani shafi da ke goge wannan suna, na haɗa bidiyon wuri ɗaya ina turawa ana biyana. A tunanina abin da aka saka a fili na kowa ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani dattijo ya kawo caji. Ya tsaya yana kallon kwamfutata na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ƙanena, hannun nan da ke riƙe da almakashi nawa ne. Ina sunana?" Ashe a Idi-Araba yake da shago. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a benci ya faɗa mini yadda bidiyon minti takwas ke cinye masa yini: ya jira wuta ko ya sayi man janareta, ya ɓata yadi don gwaji, ɗansa ya riƙe waya har hannu ya gaji. Ya ce shi ba kuɗin turina ne damuwarsa ba. Ta sunan nan ne masu ɗinki ke nemo shi, ta nan ne iyaye ke kawo masa yara koyo. Na cire sunan, na yanke hanyar da arzikinsa ke biyowa.

A wurinsa na fara jin cewa YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Duk wanda ya kalli aikinsa daga memorina, ko minti ɗaya bai shiga lissafin telan ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin na san yadda fina-finan Hausa suka koma YouTube bayan kasuwar faifai ta mutu, na kuma san masu irin sana'ata suna da hannu a wannan mutuwa.

Daga baya na gane doka ma tana bayansa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yi sassauci ga wanda ya ajiye abu don amfanin kansa ko karatunsa, amma sayarwa wani abu ne daban, kuma mai aiki yana iya neman a cire abinsa daga inda aka ɗora ba da izininsa ba. Maigidana dai bai tsaya kan doka ba. Cewa ya yi, "Yaro, haƙƙi ne, kuma haƙƙi ba ya barci. Ka je ka nemi yafiyarsa." Washegari na hau mota har Idi-Araba.

Tun daga nan aikina ya sauya. Wanda ya zo neman darasi, nakan nuna masa alamar saukewa da ke cikin manhajar YouTube kanta, ya sauke a kan intanet ɗin shago, ya kalla a hanya. Abin yana zaune cikin manhajar, sunan mai shi yana nan, sai dai a riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci. A TikTok, idan mai bidiyo ya rufe damar saukewa, na ɗauka ya riga ya ba ni amsa, ba na zagayawa ta bayan gida. Malaman da ke cewa da bakinsu a yaɗa karatunsu, wannan muna turawa hankali kwance, ba ma yanke farko ko ƙarshe. Sauran kuwa nakan aika saƙo in tambaya. Da yawa suna amsawa, kuma sharaɗinsu kusan ɗaya ne: a bar suna.

Ciniki ya ragu, wasu sun koma shagon da ke gaba da mu, akwai ma watan da maigida ya cika kuɗin haya daga aljihunsa.

Telan nan yanzu da kansa yake kawo mana wasu darussan, da sunansa da lambar shagonsa a jiki, ya ce a ba yaran mota kyauta. Kwanakin baya ya biyo ta Agege ya tsaya shan ruwa, yake faɗa mini wani yaro ya kira shi daga Gombe yana tambayar yadda ake fitar da wuyan kaftani, kuma a cikin motar albasa ya fara ganin bidiyon.