Bature ɗan leƙen asiri da memorin Baba mai albasa

Shekara uku ke nan ina zaman shagon turi a Agege, kusa da layin dogo. Caji, tura waƙa da fim a waya, sayar da memori, aikin ke nan. Da yake ina ɗan jin Turanci, oga ya ƙara mini da wani: duk fim mai dogon zango da ba a fassara ba sai na kalla tukuna, don in riƙa ba masu saye labarinsa. A haka na ci karo da The Americans, wanda tashar FX ta nuna daga 2013 zuwa 2018, zango shida.

Philip da matarsa Elizabeth 'yan KGB ne, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat, da suka saje da Amurkawa a gefen birnin Washinton zamanin Shugaba Reagan. Harbe-harben bai dame ni ba. Martha ce ta tsaya mini a rai, sakatariya a ofishin FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, baiwar Allah da kaɗaici ya yi wa yawa. Philip ya sa hular gashi da tabarau, ya ce sunansa Clark, ya lallaɓa ta har ya aure ta, ya sa ta ajiye biro mai naɗar magana a ofishin maigidanta. Da asiri ya kusa tonuwa sai ya kashe mai kula da kwamfutocin wurin don laifin ya faɗa kan mamacin. Akwai inda ya tsaya gabanta yana zare hular gashin nan a hankali, ita kuwa sai hawaye. Wurin nan na maimaita shi ya fi sau biyar. Ƙarshenta ƙaramin jirgi aka sa ta cikin dare, aka nufi Rasha da ita, ba yare ba dangi.

Ni dai na yanke cewa mutumin ya tuba. Fuska kullum a yamutse, yana zuwa tarukan masu amayar da damuwarsu, daga baya ma ya jingine aikin. Haka nake ta zuba wa wani dattijo mai albasa a kasuwar Mile 12, wanda kan zo in sa masa tafsiri. Ba ya kallon fim, amma yana son labari. Ya bari na kai aya, sannan ya ce:

"Ɗana, ita matar fa? Ya mayar mata da ƙasarta?"

Na ce a'a, Baba, ai ba hali.

"To ciwon rai yake yi. Laifin da ke tsakaninka da mutum, malamai sun ce nadama da dainawa ba su isa ba, sai ka mayar da haƙƙi ko mai shi ya yafe."

Yana wannan magana wayarsa na hannuna, kuma memorin da ke cikinta ni na sayar masa. An rubuta 32 a jiki, amma jabu ne, bai ɗaukar ko kwatan haka, na kuma san da hakan tun ranar da aka kawo kwalin. Sau biyu yana dawowa wai karatun yana ɓacewa, ina ce masa wayar ce ta tsufa. Nakan ji ba daɗi in ya juya baya, sai in ɗauki rashin jin daɗin nan kamar wani abu ne na biya.

Ban iya faɗa masa a gaban mutane ba, kunya ta hana. Washegari na sayi mai kyau da kuɗina, na hau danfo zuwa Mile 12, na same shi a kan buhu yana lissafi. Na faɗi gaskiya. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya cika mini leda da albasa, abin da ya fi zagi ciwo.

Nasa mai sauƙi ne tunda na san rumfarsa. Memori ashirin ne a kwalin, goma sha huɗu na sayar, yawanci ga 'yan dako da masu tura ruwa waɗanda ko sunansu ban tambaya ba. Oga ya ce in daina ɗora wa kaina, kasuwa ce. Sauran shidan dai na ƙi sayarwa, suna cikin durowa. Zuwa yanzu mutum uku na gane cikin goma sha ukun, ɗaya ma a masallacin Juma'a na tare shi yana neman takalminsa.