Ashwagandha, rhodiola da maca a shekarun ɗaukewar al'ada: wanne ya dace da wace matsala?

Mafi yawan mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, amma rikicin kan fara shekaru kafin nan. Jini ya zo wannan wata ya tsallake na gaba, zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zanin gado, barci ya yanke da tsakar dare ya ƙi dawowa. Tushen duk wannan shi ne hawa da saukar istirojin, sinadarin jikin mace da ke tafiyar da al'ada. Tsirrai irin su ashwagandha, rhodiola da maca, waɗanda ake kira adaftojin, sunan da masanin Tarayyar Sobiyat Nikolai Lazarev ya raɗa a 1947, ba sa mayar da istirojin ɗin da ya ragu. Aikinsu yana kan yadda jiki ke ɗaukar matsin rayuwa, musamman kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa a lokacin matsi. Shi ya sa aka fi ganin amfaninsu a barci, gajiya da fargaba. Idan tasowar zafi ce ke hana ki sakat, maganin maye gurbin istirojin da likita ke rubutawa ya fi su nesa ba kusa ba, kuma a 2023 ƙungiyar masana ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ba ta ba da shawarar tsirrai don wannan matsalar ba.

Ashwagandha, saiwar da likitancin gargajiya na Indiya ya daɗe yana amfani da ita, ita ce ta fi samun bincike. A wani gwaji da aka wallafa a 2021, mata 100 masu gab da ɗaukewar al'ada sun sha ko dai miligiram 300 sau biyu a rana ko maganin wofi (ƙwayar da babu magani a cikinta) na mako 8, kuma waɗanda suka sha saiwar sun fi samun sauƙi. Gwajin ƙarami ne, gajere kuma, don haka kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ki fara da miligiram 300 da daddare bayan cin abinci, ki yi mako guda a haka, sannan ki ƙara na safe idan cikinki ya karɓa. In aka sha ta ciki babu abinci, tana iya sa tashin zuciya da gudawa. Ki duba kwalbar: ki nemi wadda aka tace daga saiwa kaɗai, aka kuma rubuta yawan witanolaid ɗinta, sinadarin da ke aiki a cikinta.

A nan ne ake yin ganganci. Ashwagandha na iya ƙara ƙarfin glandar tayirod da ke wuya, kuma alamun hakan su ne bugun zuciya, gumi da rashin barci, wato daidai abin da kike gudu. Mace sai ta ɗauka al'adar ce ta tsananta, ta ƙara yawan abin da ke jawo mata matsalar. Mai shan maganin tayirod, na suga, na hawan jini ko na barci kada ta haɗa sai da sanin likita. An kuma samu waɗanda ta taɓa musu hanta, yawanci cikin makonnin farko zuwa wata uku: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Da ganin haka a daina, a je a auna jini. Ƙasar Denmak ta ma haramta sayar da ita a 2023. Sannan mai juna biyu ba ta sha, kuma muddin ba ki cika wata 12 babu jini ba, ciki na iya shiga.

Rhodiola, wadda ke fitowa a wurare masu tsananin sanyi irin su Saibiriya, ta gajiyar rana ce da nauyin kai. Miligiram 200 zuwa 400 da safe, kafin karin kumallo. Ingantacciya kan ƙunshi sinadaran rosabin kashi 3 cikin ɗari da salidirosaid kashi 1. Wadda ta sha da yamma ta sayi rashin barci da kuɗinta. Ba a haɗa ta da magungunan ciwon damuwa, kuma mai larurar ƙwaƙwalwa mai sauya yanayi tsakanin ɗoki da ƙunci ta nisance ta.

Maca kuwa saiwa ce daga tsaunukan Andes na Peru. A wani ƙaramin gwaji a Ostireliya a 2008, mata 14 da al'adarsu ta ɗauke sun sha giram 3.5 kullum na mako 6, fargaba ta ragu, sha'awa ta inganta, alhali sinadarai irin su istirojin a jininsu ba su canza ba. Ɗanyen garinta yana kumbura ciki. Wanda aka turara aka cire masa sitaci ya fi sauƙin narkewa. Giram 1.5 ya isa mafari.

Kada ki sayi kwalbar da aka cusa tsirrai bakwai a kafso ɗaya. Kowanne a ciki bai kai yawan da zai yi aiki ba, kuma in wani abu ya ɓaci ba za ki san mai laifin ba. Ki zaɓi matsalar da ta fi damun ki, ki ɗauki tsiro guda, ki riƙa rubuta awannin barcinki da sau nawa zafi ya taso. Bayan mako 8 ki duba takardar. In babu bambanci ki ajiye, kada ki ninka. Ko ya yi aiki, ki tsaya a wata 3 ki sake shawara da likita, domin binciken da ake da shi bai wuce wannan tsawon ba sosai. A daina duka mako 2 kafin tiyata. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ta tambayi likitanta kafin ta taɓa ko ɗaya.

Jini mai yawa da gudaji, ko ɗigon jini bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ba aikin saiwa ba ne. Wannan sai asibiti, a duba mahaifa.