Asabar cikin sanyi, garakan Jiratawa

Yau hazo ya kwanta a gulbin Maradi tun asuba, iskar hunturu na kaɗawa, ruwan kanal kuma sanyi ƙalau har hannu ba ya son taɓa shi. A irin wannan lokaci na Disamba ne tumatirin da aka dasa a farkon Nuwamba yake shiga fure, zogale kuma yake rage gudu. Duk wanda na gaisa da shi a bakin fangali magana ɗaya ce a bakinsa: ganye ya yi rawaya, a ƙara ure, wato farin takin zamanin nan. Abin yana damuna, domin mafi yawan fangalin da na duba yau ba yunwa ke damunsu ba, kuma buhun taki ba abin wasa ba ne a kuɗinsa na yanzu.

Garkar farko ta wani dattijo ce, ɗansa ne ke kula da ita. Tumatir ne mai kwana goma sha biyu da dashe, ya yi laushi, bakin ganye ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, a saman ƙasa kuma ga wani farin ɓurɓushi kamar an barbaɗa gishiri. Na tambayi yaron abin da ya zuba. Ya ce da ya ga dashen ya langaɓe kwana uku bayan dasawa, sai ya ɗebi ure da tafin hannu ya zuba a gindin kowane. Dattijon ya dube ni ya ce, “Malam, ka ji ko? Na ce masa ya bari tukuna.” Na ce, “Baba, gaskiyarka, amma ba su mutu ba, za a iya ceto mafi yawansu.”

Dashe idan an ciro shi daga fangalin reno, ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa, yawancinsu sun tsinke. Langaɓewar kwana uku ko huɗu ƙishirwa ce, saiwa ba ta kai ruwa sama yadda ganye ke zubar da shi. Takin zamani kuwa gishiri ne. Idan ya yi yawa kusa da saiwar da ta ji rauni, maimakon ruwa ya shiga cikinta sai ya riƙa fita, shukar ta ƙone alhali ƙasa na jiƙe. Maganin da muka yi yau shi ne kankare farin ɓurɓushin da hannu a fitar da shi bayan fangali, a cika fangalin da ruwa har ya kwanta, a bari ya nutse, a sake cikawa sau biyu, don ruwan ya tafi da gishirin ƙasa da inda saiwa take. A ƙasa mai rairayi wannan yana aiki da sauri. A laka sai an yi hattara kada ruwa ya kwana. Bayan haka ba taki ko ƙwaya ɗaya sai an ga sabon tofo kore a kai, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma. Ganyen da ya ƙone ba zai dawo ba, kada a tsaya kallonsa. Sabon ganye ne ke nuna ko shukar ta farfaɗo.

Da an bi ƙa'idar dashe tun farko, da wahalar ba ta kai haka ba. Ana ciro tumatir yana da kwana 25 zuwa 30 a reno, da ganyen gaskiya huɗu zuwa shida, kara ya yi kauri. Mako guda kafin cirewa a rage masa ruwa, a ɗage inuwar da ke kansa don ya saba da rana. Ranar dashe a jiƙa fangalin reno sosai yadda za a ɗago shi da ƙasarsa, a dasa bayan la'asar, a danne gindi da yatsu, a ba shi ruwa nan take. Tazara santimita 60 tsakanin layi da layi, 40 zuwa 50 tsakanin shuka da shuka. Abincinsa na makonnin farko shi ne wanda aka haɗa da ƙasa tun kafin dasawa: takin gida da ya ruɓe sarai, kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita, da NPK 15-15-15, takin zamani mai haɗa sinadarai uku na abincin shuka, wato azot, fosfor da potas, kamar giram 30 zuwa 40. Ure sai bayan mako uku, kuma giram 10 a murabba'in mita ya wadatar. Murfin kwalbar lemo yana ɗaukar kusan giram 6 na NPK, shi ya sa masu binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka mai da shi ma'auni wajen zuba taki kaɗan-kaɗan a ramin hatsi, kuma a garka ma ya fi tafin hannu aminci nesa ba kusa ba.

Yadda ake zuba uren ma yana da muhimmanci kamar yawansa. Kashi 46 cikin ɗari na buhun ure azot ne, amma idan aka watsa shi a saman ƙasa aka bar shi a rana, wani kaso mai yawa yana tashi iska ya bi. A ja ɗan layi da yatsa ko bakin fartanya, tazarar faɗin tafin hannu daga kara, a zuba, a rufe da ƙasa, a yi ban ruwa. Kada a haɗa shi da toka, domin toka na ƙara saurin tashinsa.

Wajen hantsi na ratsa ta fangalin tattasai da attarugu na wata mata da ke noma da 'ya'yanta. Nan ne na daɗe, domin rawaya iri uku na gani a wuri ɗaya, kuma kowace da dalilinta. Abu na farko da ake dubawa shi ne wane ganye ne ya fara: tsoho na ƙasa ko sabo na kai. Azot, fosfor, potas da magneziyom suna yawo a jikin shuka. Idan sun yi ƙaranci, shukar na janye su daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka alamar ke fara fita a ƙasa. Sinadarin ƙarfe da kalsiyom kuwa inda suka zauna nan suke zama, saboda haka ƙarancinsu a kai yake nunawa.

A layin gefen gabas, inda ƙasa ta fi rairayi, tsofaffin ganye sun yi rawaya baki ɗaya har jijiyoyinsu, shukar gajera, kara siriri. Wannan kam yunwar azot ce, ruwan ban ruwa ya wanke shi ƙasa. Shi kaɗai ne layin da na ce a ba shi ure, kuma a raba shi biyu, rabi yau rabi bayan mako biyu, tunda rairayi ba ya riƙo. A tsakiya kuma sabon tofo ne ya yi fari-fari, jijiyoyin ganye suna nan kore shar, tsohon ganye lafiya lau. Na tona gindi, sai ga toka jibge. Ta ce, “Ai Malam, tokar murhu ce nake kawowa kullum, an ce tana korar ƙwari.” Na ce mata, “Hajiya, toka tana da amfani, akwai potas da kalsiyom a cikinta, amma ta yi yawa a nan.” Toka na rage tsamin ƙasa, idan ta wuce kima sai ƙarfen da ke cikin ƙasar ya ɗaure, saiwa ta kasa ɗaukarsa ko da yana nan birjik. Ure ba zai gyara wannan ba. A kwashe tokar da ke sama, a daina ƙarawa, a sa ruɓaɓɓen takin gida, a sassauta ban ruwa domin ƙasar da ta cika ruwa ma tana kawo irin wannan farin tofo. Tafin hannu ɗaya ko biyu na toka a murabba'in mita, sau ɗaya a shekara, ya isa.

Na ukun shi ne ya fi ɓata rai. Shuke-shuke ne da ke langaɓewa da rana su miƙe da yamma, ga rawaya, ga rashin girma, an ba su taki sau biyu ba su motsa ba. Na tumɓuke guda ɗaya na wanke saiwar a kanal. Duk ta yi ƙulu-ƙulu, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu sun haɗe sun kumbura. Tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, kuma tana son ƙasa mai rairayi da ake maimaita tumatir, tattasai, yalo da kuɓewa a cikinta shekara bayan shekara. Saiwar da ta yi haka ba ta iya ɗaukar abinci, duk takin da aka zuba asara ne. Waɗanda suka lalace a cire su da saiwarsu a ƙone, kada a jefa su ramin taki. Baɗi a sa masara, dawa ko albasa a wurin, a huɗa shi a bazara a bar rana ta gasa shi, a yawaita takin gida, in da hali a haɗa da tunkuzar 'ya'yan bedi, wato dogon yaro. Ba ta ji daɗin maganar ba, amma gara ta san inda kuɗinta ke tafiya.

Akwai kuma masu ganin bayan ganyen tumatir ya yi shunayya a 'yan kwanakin nan su tsorata. Alamar ƙarancin fosfor ce, sai dai a watan sanyi sau da yawa fosfor ɗin yana ƙasa, sanyin dare ne ya hana saiwa aiki. Wanda ya sa NPK ko DAP, wani takin zamani mai fosfor, tun gyaran fangali ya yi haƙuri, rana na ɗumama launin zai wuce. A guji ban ruwa da sassafe sosai lokacin da ruwan ya fi sanyi. Ƙarancin potas kuma bakin tsohon ganye yake ƙonawa zagaye, tumatir ya nuna da dabbare-dabbare, kuma yakan fito ne lokacin da 'ya'ya suka yi nauyi. Shi ya sa daga shiga fure nake ganin a koma NPK a rage ure. Ure mai yawa a wannan mataki ganye yake tarawa, fure ya zube, farin ƙuda da ɗarɓa su samu wurin zama.

Bayan azahar wani matashi ya kawo mini tumatir a cikin hula, gindin kowane ya yi baƙi ya lotsa, ya bushe kamar fata. Yana neman sunan maganin feshi. Na ce masa, “Ƙanena, wannan ba cuta ba ce, kada ka ɓata kuɗinka.” Kalsiyom ne bai kai ƙarshen ɗan tumatirin ba lokacin da yake ƙarami yana girma da sauri. Kalsiyom ruwa yake bi, idan fangali ya bushe ƙaƙas kwana huɗu ko biyar sannan aka ambaliya masa ruwa, a tsakanin nan ne ɓarnar ke faruwa. A nan inda ake jiran layin ruwa abin yana da wuya, na sani. Abin da ke hannun mai garka shi ne ya rufe ƙasa da karan hatsi, ciyawa busassa ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, ba tare da ya taɓa kara ba, don danshi ya kai shi zuwa layi na gaba. Ya daina noma da zurfi kusa da gindi yana yanke saiwa, ya rage ure, ya tsinke 'ya'yan da suka kamu. Waɗanda za su fito daga baya sukan zo lafiya. Da ganyen ya nannaɗe sama, ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsugune, to wannan cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce, ba ta da magani sai tumɓukewa.

Zogale na ƙarshe na duba, gab da la'asar. Shi ne rufin asirin gidaje da yawa a gulbin nan, daga Jiratawa har Tibiri, kuma mutane sun ɗauka ba ya bukatar komai. Yana jure fari, amma wanda ake tsinka kowane mako biyu ko uku ana kai buhu-buhu kasuwar Maradi yana fitar da abinci mai yawa daga ƙasa, dole a mayar masa. Bayan an sare shi a tsawon ƙugu don ya yi rassa, a buɗe ƙasa zagaye da gindi, a sa ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu cikin tafi biyu zuwa uku, a rufe. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, sai ya yi wata biyu ko uku a rami ana jiƙa shi ana juyawa har zafinsa ya fita, warinsa ya koma na ƙasa. Rawayar da zogale ke yi yanzu yawanci sanyi ne da yawan ruwa. Saiwarsa mai kauri ce, ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe, don haka a tsawaita tsakanin ban ruwa har saman ƙasa ya sha iska. Inda ganye ya zama raga-raga da saƙa a jiki kuwa tsutsar zogale ce. A daka busassun 'ya'yan bedi giram 500, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. Ganyen ci ne da ake tsinka a kai a kai, har yara na cin kwaɗonsa, shi ya sa ba na son ganin ana fesa masa maganin ƙwarin auduga.

Na bar wa ɗan dattijon nan murfin kwalba biyu, na ce ranar Laraba ya tona da yatsa a gefen shuka uku ya duba ko fararen saiwoyi sababbi sun fara fitowa. In sun fito, aka kuma ga sabon tofo a kai, mako mai zuwa sai a ba kowace shuka rabin murfi na NPK a layi, a rufe, a shayar.