Yadda na yi fama da mayar da baitocin Kumaran Asan zuwa Hausa

A lokacin da nake zaman karatu a Tiruwanantapuram, babban birnin jihar Kerala da ke kudancin Indiya, ina maƙwabtaka da wani dattijo, tsohon malamin adabi, wanda kusan kullum da yamma yakan zauna a barandarsa yana rera wasu baitoci da harshensu na Malayalam. Da na gaji da saurare ba tare da fahimta ba, sai na tambaye shi, ya ce daga waƙar Chandalabhikshuki suke, wadda mawaƙin Kerala Kumaran Asan ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa. Nan take na ƙudura mayar da wannan sashe zuwa Hausa, bisa sharaɗin zai riƙa warware mini ma'ana kalma bayan kalma da Turanci, ni kuma in ɗinka ta da namu zaren.

Labarin gajere ne. Ananda, almajirin Buda, ya iso wata rijiya cikin tsananin rana da ƙishirwa, ya tarar da wata yarinya mai suna Matangi tana ɗiban ruwa, ya roƙe ta ta sam masa. Yarinyar ta ja da baya cikin tsoro, ta shaida masa cewa ita daga ƙasƙantattun mutane take, kuma ruwan hannunta zai ɓata shi. Ya amsa mata da cewa shi bai tambayi jinsinta ba, wato rukunin mutanen da aka haife ta a cikinsu, ruwa ya tambaya, ya kuma kira ta 'yar'uwa. Cikin mako biyu na gama zubin farko a ƙwar biyu, na sauya amsa-amon da Malayalam ke ɗorawa a gaɓa ta biyu ta kowane ɗango da namu na ƙarshe, na karanta wa wasu ɗalibai 'yan gida. Da na kai aya, ɗaya daga cikinsu ya ce: "To, ina abin mamakin? Baƙo ya nemi ruwa, an ba shi."

Gaskiya ya faɗa, domin a wurinmu ruwa ake fara miƙa wa baƙo kafin a tambaye shi daga ina ya fito. Matsalar tana cikin kalma guda, wato "jati", sunan da suke kiran wannan rukuni na gado da ke raba mutane manya da ƙasƙantattu. Na gwada "ƙabila", ta ƙi zama, domin Ananda da Matangi harshe ɗaya suke yi. Na gwada "asali", wadda ta fi kusa, tunda mu ma mun san yadda ake tone-tonen asali idan maganar aure ta taso, amma ban taɓa jin an ƙi shan ruwan wani saboda sana'ar kakansa ba. Da na kai kukana wurin dattijon, sai ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, ka yi gaggawar kama waƙar tun ba ka san mai ita ba."

Daga nan na ajiye alƙalami na koma bin rayuwar mutumin. An haifi Asan a 1873 a ƙauyen Kayikkara da ke masarautar Tirabanko, cikin al'ummar Izhawa, waɗanda a zamanin ba su da damar shiga manyan wuraren bauta ko bin hanyoyin da suka kewaye su, aka kuma toshe musu yawancin makarantu da ayyukan gwamnati. Ba taɓa jiki kaɗai ake ƙyama ba, kusantar ɗan babban jinsi ma ana ɗaukar ta a matsayin sanya masa ƙazanta. Likita Palpu, wanda ya tallafa wa karatun Asan, ya kammala ilimin likitanci amma masarautarsa ta hana shi aiki saboda shi Ba'izhawe ne, sai a masarautar Maisur ya samu. Malamin Asan kuwa shi ne Narayana Guru, mai koyar da cewa jinsi ɗaya, addini ɗaya da Ubangiji ɗaya ne ga ɗan Adam, kuma shi ya tura shi Bangalor a 1895 don zurfafa karatun Sanskirit, tsohon harshen ilimi na Indiya, daga can ya wuce Kalkata. Sai a nan na gane cewa wanda ya rubuta baitin rijiya ya tsaya ne a inda Matangi ta tsaya, ba a inda Ananda ya tsaya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, musamman bayan na ziyarci ƙaramin gidansa da aka adana a Tonnakkal, shi ne yawan shekarun da ya ɓatar a aikin ofis. Da aka kafa ƙungiyar SNDP a 1903 don yaɗa koyarwar Narayana Guru da ɗaukaka al'ummar Izhawa, shi ne sakatarenta na farko, ya riƙe muƙamin fiye da shekara 15, ya shirya mujallarta Vivekodayam tun daga 1904, ya kuma zauna a majalisar jama'a ta masarautar yana neman a buɗe wa mutanensa makarantu. A tsakiyar wannan hidima ya fitar da Veena Poovu a 1907, waƙar furen da ya faɗo ƙasa, wadda masana ke ɗauka a matsayin mafarin sabon salo a adabin Malayalam. A ganina, ƙarfin baitocinsa daga waɗannan takardun koke ya fito.

Akwai kuma inda na yi tuntuɓe. Waƙarsa Duravastha ta 1922 tana ba da labarin Savitri, 'yar gidan Nambudiri, wato mafi girman jinsi a Kerala, wadda ta tsere a lokacin boren Malabar na 1921, ta fake a bukkar Chathan, saurayi daga al'ummar Pulaya da ake ƙasƙantarwa, daga baya ta aure shi. A cikinta ne ya gargaɗi manya da su sauya dokokinsu da kansu, in ba haka ba dokokin su sauya su. Amma a cikinta ne kuma ya siffanta Musulmin Mappila da suka yi boren da kalmomi masu kaushi, abin da ya ɓata wa Musulmin Kerala rai tun a wancan zamani. A matsayina na Musulmi abin ya sosa mini zuciya, har na yi kwanaki ban koma kan aikin ba. Dattijon bai kare shi ba, bai kuma yi Allah wadai da shi ba, ni ma daga ƙarshe na yanke shawarar ci gaba da aikin ba tare da na ɓoye wannan tabo ga duk wanda zan karanta wa ba.

Asan ya rasu ranar 16 ga Janairun 1924, yana da shekara 50, lokacin da jirgin ruwa mai suna Redeemer ya kife a Pallana. Wata biyu da rabi bayan haka aka fara zaman dirshan na garin Vaikom don neman 'yancin bin hanyoyin da ke kewaye da wurin bauta, kuma sai a 1936 sarkin Tirabanko ya buɗe wuraren bautar masarautar ga dukkan mabiya addinin Hindu.

A zubi na ƙarshe na bar "asali" a bakin Ananda, amma na gyara maganar Matangi yadda za a ji cewa tana tsoron kada ta jawo masa zunubi ne, ta jawo wa kanta horo, na kuma gabatar da baitocin da taƙaitaccen bayani kan Kayikkara da labarin Palpu. Da na sake karanta wa ɗaliban, wanda ya yi tambayar farko ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya roƙi in maimaita masa ɗangon da aka kira ta 'yar'uwa.