Kofin da ya fitar da ni hunturun Aberdeen

A Disambar farko da na yi a Aberdeen, can arewa maso gabashin Sikotlan, wajen ƙarfe uku da rabi na rana ake sallar Magariba. Rana ba ta leƙowa sai tara saura kwata na safe, kafin ka ankara ta koma. Yawancin gidajen garin da dutse mai ruwan toka aka gina su, sama ma toka-toka, ga iskar teku tana shiga ta hannun riga ta fita ta wuya. Na san hunturun Zariya mai tsattsaga leɓe da dunduniya, amma shi busasshe ne, da hantsi ya dubi ludayi sai ya sassauta. Na can jiƙaƙƙe ne, kuma ba ya ɗaga ƙafa.

Mura ta kama ni, da tari mai hana barci. Ɗaki nake haya a gidan wata dattijuwa 'yar garin, wadda mijinta ya rasu bayan shekaru yana aiki a jiragen kamun kifi. Mama nake ce mata, ita ma ta karɓi sunan hannu bibbiyu. Wani dare ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce, "'Yata, tarin nan naki har ɗakina nake jinsa. Sauko kicin in haɗa miki toddy."

Na sauko lulluɓe da bargo. Ta jera kofin tangaran mai kauri, da zuma, da lemun tsami irin nasu, babba mai ruwan ɗorawa, da kanumfari, da sandar kirfa. Sai ta miƙa hannu saman kabad ta sauko da kwalbar giyar wiski. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, wannan ba na sha, addinina ya hana." Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta mayar da ita inda ta ɗauko. Ta ce, "To, bari mu gani ko zai yi ba tare da ita ba."

Daga baya na gane girman abin da ta yi. A wurinsu, hot toddy shi ne ɗan ma'aunin wiski, ruwan zafi, zuma ko sukari, lemun tsami da kayan ƙamshi, kuma wiskin ne suke ɗauka jigon abin. Kwarin kogin Spey, da ba shi da nisa da Aberdeen, cike yake da masana'antun wiski, abin alfaharinsu ne. Sunan kansa kuwa daga Indiya Turawan Ingila suka ɗauko shi, daga kalmar da ake kiran ruwan da ake tatsa daga bishiya a bar shi ya yi tsami, kamar bammi a wurinmu. Kalmar Indiyar tana kama da "tari" a kunnen Bahaushe, kuma tarin ne ya kai ni ga abin.

Na sha kofin nan a tsaye, turirinsa yana buɗe mini hanci. A daren na yi barcin da rabona da shi kwana huɗu.

Washegari na ce zan haɗa da kaina, sai na ɓata. Na zuba komai a tukunya na tafasa kamar yadda muke dafa shayi a gida. Ɓawon lemun ya saki ɗaci, ƙamshin zumar ya gudu, kanumfarin da na zuba kusan goma ya kashe mini harshe. Mama ta ɗanɗana, ta zubar, ta sa ni na sake a gabanta. Da farko a zuba ruwan zafi a kofin a ɗauraye, don kofi mai sanyi yana kwashe zafin kafin ka kai rabi. Ruwan ya tafasa, a sauke, a ba shi minti ɗaya ko biyu. Zuma babban cokali ɗaya, a juya har ta narke. Ruwan rabin lemun tsami shi ne na ƙarshe. Kanumfari huɗu sun isa, kuma ba a watsa su cikin ruwan, sokawa ake yi a jikin yankan lemun a jefa shi ciki, don kada mutum ya tauna ɗaya. Wannan dabarar ta fi komai burge ni, har yau da ita nake amfani.

Duk da haka akwai abin da ya rage. Mama ta ce ba shi da cizo, wato ɗan zafin nan da wiski ke bari a maƙogwaro. Nan ne abin da na taso da shi ya yi mini rana. Na samo ɗanyar citta, na yanka siri-siri kamar tsawon ɗan yatsa, na dafa ta ita kaɗai minti goma, sannan na yi amfani da ruwanta. A jakata kuma akwai ƙullin kimba da masoro da mahaifiyata ta cusa mini ranar tafiya. Na fasa kimba ɗaya na jefa. Cizon ya samu, har da ɗan ƙamshin hayaƙi. Masoro kam ya yi yawa, na daina sa shi.

Wata abokiyar karatuna mai koyon aikin jinya ta bayyana mini abin da ya ƙara kwantar mini da hankali. Giya tana buɗe jijiyoyin jinin da ke kusa da fata, jini mai ɗumi ya taso, mutum ya ji kamar ya ɗumama, alhali jikin zubar da zafinsa yake yi. Ashe ɗumin gaskiya daga ruwan zafin yake. Ita ce kuma ta gaya mini hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba masu tari shawarar shan ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, amma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Ban ce kofin ya warkar da murata ba, sai da ta cika kwana gomanta. Ya dai lallashi maƙogwarona, ya ba ni barci, kuma ya ba ni dalilin saukowa daga ɗaki in zauna da mutum a dogayen dararen nan da kewar gida ke danne ƙirji.

Har ƙarshen Fabrairu muna haɗuwa a kicin bayan na idar da Isha'i. Ni ke dafa cittar, ita ke soka kanumfari. Wani daren takan ɗiga wiskinta a nata kofin, wani daren ta sha irin nawa. Da zan bar gidan na raba sauran kimbar biyu na ba ta rabi. Ta sa na rubuta mata sunan a takarda, ta maimaita shi sau uku har ya zauna a bakinta, sannan ta manna takardar a jikin kwalbar zumarta.