Godiya bayan iskar da ta yaye mana rufi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, jiya da la'asar aka buga ƙusar ƙarshe, mun kwaso kayanmu daga gidan maƙwabta mun koma ɗakunanmu. Jikina duk tsami yake, muryata ma ba ta gama dawowa ba, amma na ce ba zan kwanta ba sai na sauke wannan nauyi. Waɗanda suka ga hotunan sun san yadda iska ta yaye rufin gidaje a layinmu, har da namu. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba ku yafe ni, wayar ce ta sha ruwa a daren, sai da aka kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano.

Har yanzu in na rufe ido ƙarar ƙusa nake ji tana zarewa daga katako. Hadarin ya haɗo daga gabas bayan isha'i, aka ɗauke wuta, ƙura ta turnuƙe tun ɗigon ruwa bai sauka ba. Na tara yaran a ɗakina muna ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, sai na fara jin ƙiiƙ, ƙiiƙ daga kusurwar gabas, ɗaya bayan ɗaya, kwanon yana ɗagawa yana komawa. Autana ya riƙe zanina ya ce, "Umma, wa yake buɗe sama?" Kafin in ba shi amsa silin ya tsage, muka ga walƙiya ƙiri-ƙiri daidai inda fanka take rataye. Na yunƙura zan fita da su tsakar gida, sai muryar Inna ta gidan da ke jikin namu ta ratso katanga: "Kada ku fito! Ku shige ƙarƙashin gado, kwano na yawo a waje!" Da gari ya waye muka tarar da falle guda ya kafe a jikin darbejiyar tsakar gida, a kan hanyar da za mu bi. Wanda ya tuna iskar da ta afka wa Bauchi washegarin ƙaramar Sallah a watan Yunin 2018, da rayukan da ta ci, ya san mu kwano kawai muka rasa.

Inna, kin ce kada in kira ki a nan, wai ba a gode wa maƙwabci a bainar jama'a. Ki yi haƙuri, yau na saɓa miki. Kin bar mana ɗakinki kin koma kwana a tabarma, kina da ciwon ƙafa. Allah Ya gina miki gida a Aljanna Firdausi, Ya raya miki jikokinki, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

Sai Baba kafinta.

Tun ruwa bai tsane ba masu neman aiki suka cika layin, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Akwai wanda ya zo da mota da hotunan manyan gidaje a waya, ya ce in ba shi rabin kuɗi kafin alƙalami, kafin magariba ya mayar da rufin yadda yake. Mace ce ni da marayu, ga kaya a waje, ga hadari yana sake haɗuwa, wallahi zuciyata ta karkata. Mai unguwa ne ya ce, "Hajiya, ki dubi layin nan da kyau. Gidajen da rufinsu bai motsa ba, ki tambayi wa ya yi su." Na aika yaro ya tambayo, kusan duk amsar ɗaya ce: tsohon nan da ke da rumfa a bayan masallacin Juma'a, wanda kullum muke wucewa muna gaisawa.

Ya zo da sassafe da tsaninsa a kafaɗa, bai yi maganar kuɗi ba. Ya hau ya daɗe a sama, ya sauko da guntun katako a hannu. Ya ce, "'Yar nan, miƙo hannunki." Ya matse shi da yatsu biyu, katakon ya marmashe a tafina kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Gara ta cinye cikinsa tas, ɓawon ne kawai ya rage yana riƙe da ƙusa. Ya ce in aka mayar da sabon kwano a kan wannan, iskar farko za ta sake ɗaukewa, kuma shi ba zai sa hannunsa a aikin da zai faɗo wa yara a ka ba, ko nawa zan biya.

A tsaye a wurin ya yi mini karatun da ban taɓa zaton zan buƙata ba. Ya ce mutane suna ɗauka iska ture rufi take yi, alhali ɗaga shi take. Tana wucewa ta sama tana zuƙar kwanon, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da take tahowa, sai ta cika ɗakin ta tunkuɗo shi daga ƙasa. Daga kusurwa da bakin rufi take fara ci, falle ɗaya in ya ɗaga sauran sun zama nata. Namu kuwa katakon da ke kwance a kan bulo ba a ɗaure shi da ginin ba sam, ɗora shi kawai aka yi aka shafe da siminti. Kwanon ma irin mai laushin nan ne da kan ƙusa ke fasawa ya fice, shi ya sa muka ga ƙusoshi da yawa suna nan daram a katako, kwanon ya tafi ya bar su. Da na ce ko in sa a jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kai kamar yadda wasu ke yi, sai ya girgiza kai ya ce ranar da iskar ta fi ƙarfinsu, su ne za su sauko kan mutane.

Shi da kansa ya je 'Yan Katako a Na'ibawa ya zaɓo katako mai awon tu-bai-fo da tu-bai-tiri, yana ƙwanƙwasa kowanne yana ajiye ɗanye gefe. Ya wuce Ƙofar Ruwa ya sayo siririn rodi da ake kira kwata-rodi, da ƙusa mai hula. Ya dawo mini da rasit da canji har na naira ɗari biyu, a ƙulle a leda. Kowane katako sai da yaransa suka shafe shi da baƙin mai saboda gara. Ya fasa saman bangon ya dasa rodi, ya lanƙwaso shi ya rungume katakon, ya matso da jeren katakon da ake buga kwano a kai kusa da juna a gefe-gefe, ya rage tsawon bakin rufin da ke leƙowa waje, sannan ya sa magini ya ɗaga rawani, wato bangon da ke kare bakin rufi, ta gabas. Na so kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45 da ake ta yabo, kuɗina bai kai ba. Bai raina ni ba. Ya ce in sayi kwano mai ɗan nauyi, ya buɗe kowane bandir ya ƙirga falle 20 a gabana, ya ware na tsohon da bai lalace ba ya rufe mini kicin da shi. Ina zaune ina jin sa yana yi wa yaronsa faɗa a sama: "A kan tudu ake buga ƙusa, ba a kwari ba, so kake ɗakin marayu ya yi yoyo?"

Da muka zo lissafi ya yanke kuɗin aikinsa da kansa. Na ce, "Baba, ba haka muka yi ba." Ya ce mahaifin yaran nan ya taɓa yi masa wani alheri, bai faɗi ko mene ne ba, ni ma ban sani ba, ya saɓa tsaninsa ya fita. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun daren iskar.

Baba, ba ka karanta Facebook, amma na san yaranka za su karanta maka. Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira. Allah Ya tsare ka daga faɗuwa, Ya ƙara wa idonka haske da gwiwarka ƙarfi, Ya kai ka Makka, Ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ya fi wannan. Wanda ya koya maka sana'ar nan, in yana raye Allah Ya ja kwanansa, in ya rasu Allah Ya haskaka kabarinsa.

Ina godiya ga Mai unguwa da Liman, da aka yi sanarwa bayan sallar asuba aka haɗa abin da aka haɗa. Matasan majalisar bakin layi da suka yi ta tsinto kwanonmu har daga layi na uku, wani ma ya yanke a hannu, Allah Ya ba ku aikin yi da mata na gari. Mai shayi da ya aiko wa yara da burodi. Matan Islamiyyarmu da suka wanke kayan da suka jiƙe suka shanya littattafan yara falle-falle. Abokan aikina da suka ba ni kwasar adashi ba layina ba ne. Yayana da ya taso daga Zariya a daren. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya kare gidajenku a wannan damina, ga Agusta ma ba ta zo ba.

Dangin mahaifin yaran nan kuwa, na san kowa da abin da ya dame shi, zamanin ya yi tsada. Waɗanda suka turo saƙo mun gani, mun gode. Yaran dai sun yi ta tambayata ko baffanninsu sun ji, na ce musu hanya ce ba kyau. Allah Ya bar zumunci.

Har yanzu akwai gidaje a layinmu da ke kwana a ƙarƙashin leda, ciki har da na wata tsohuwa da ba ta da kowa. Mai niyyar taimakawa ya nemi Mai unguwa, shi ke riƙe da lissafin. Sannan akwai shuɗin tamfol babba da wani bawan Allah ya jefo mana ta katanga a daren, har yau ba mu san mai shi ba. Mun wanke mun naɗe, yana zaure, don Allah ya zo ya ɗauka ko ya aiko.

Wassalamu alaikum.